Ƙofar da Malam Yake So a Rufe

Kwanakin baya wani dattijo a sana'armu, malamin lissafi da ya daɗe da ajiye alli, ya yi rubutu a kan yaran da ke koya wa kansu lissafi mai zurfi a gida, sannan su je su yi rajistar jarrabawa a matsayin masu zaman kansu. Ya ja hankalin iyaye da su daina zuba kuɗinsu a wannan hanya. A ganinsa ilimi ba ya zama sai a gaban malami, hukumar JAMB ba ta neman wannan darasi, kuma jarrabawar 'yan waje ta riga ta zama kasuwar satar amsa. Maganin da ya kawo shi ne a yi haƙuri, a matsa wa gwamnatoci su ɗauki ƙwararrun malamai, in an same su sai a koyar da darasin yadda ya kamata.

Malam, Allah ya ƙara girma. Na san kishi ne ya sa ka ɗauki alƙalami, kuma akwai wuraren da zan ce maka gaskiyarka. Amma shawarar da ka bai wa iyaye ba ta yi ba, kuma waɗanda za ta cuta su ne yaran da ba su da gata.

Mu fara da haƙurin. Wa zai yi shi? Yaron da ke aji biyu na babbar sakandare, shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage masa. Ɗaukar malamai kuwa, daga sanarwa zuwa tantancewa zuwa tura mutum makarantar karkara, ya kuma yarda ya zauna a can, kai ka fi ni sanin tsawonta. Ko an tura shi ma, ba wannan darasi za a fara damƙa masa ba. Makarantar da ke da malamin lissafi ɗaya ko biyu a kan ajujuwa shida, kowane aji da rassansa, shugabanta ba shi da zaɓi. Lissafin gama-gari wajibi ne a kan kowane ɗalibi, mai zurfin kuwa na ganin dama ne, don haka shi ake fara sharewa daga jadawali. Ban ga laifin shugaban ba. Sai dai abin da ya biyo baya shi ne darasin ya koma hannun 'ya'yan masu hali da ke makarantun kuɗi, da 'yan ƙalilan da suka tsallake jarrabawar shiga makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Yarinyar da ke makarantar jeka-ka-dawo a Ɓaɓura ko Illela, wadda Allah ya buɗe wa kai a lissafi, ƙofa ɗaya ta rage mata: ta nemi littafi, ta karanta, ta je inda ake auna kowa ta ce a auna ta. Mudu ba ya tambayar gonar da hatsi ya fito. Wannan ƙofar ce rubutun Malam ke cewa iyaye su juya wa baya.

Batun malami shi ne mafi nauyi a cikin hujjojinka, kuma ban raina shi ba. Mun tashi a ƙasar da karatu ke da zaure, ake zama a gaban malami a biya, a gyara wa mutum baki, a ba shi izini. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafinsa a kan hatimin lissafi a 1732 ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, a gaban malamai ya yi karatu. To amma me ya yi da ya ga abin da yake nema ya fi ƙarfin inda yake? Tashi ya yi ya bi hanya. Al'adarmu ba ta taɓa cewa almajiri ya naɗe hannu sai malami ya zo ƙofar gidansu ba. Kuma a zauren ma, rabin karatun muɗala'a ce, wadda ɗalibi ke yi shi kaɗai da dare, da safe ya kawo inda ya cije.

A karatun boko ma hanyar tsohuwa ce. Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga wanda bai zauna a ajinta ba. Chike Obi, wanda aka haifa a Zariya a 1921, ta wannan hanya ya yi digirinsa na lissafi yana nan gida, a lokacin da Najeriya ba ta da jami'a ko ɗaya, domin ta Ibadan sai 1948 aka buɗe ta. Daga nan ya tafi Kembirij, a 1950 ya zama ɗan Najeriya na farko da ya samu digirin digirgir a lissafi, ya dawo ya koyar da waɗanda suka koyar da malamanmu. Da iyayensa sun ji shawara irin ta Malam, da an jira. Ba cewa nake kowane yaro Chike Obi ne ba. Cewa nake ba mai iya gane wanne ne shi sai an bar su sun zauna jarrabawar.

Yanzu bari in faɗi inda gaskiyarka take, domin na daɗe ina duba takardun irin waɗannan yara kuma na san ciwonsu. Littafi yana iya bayani, wani lokacin ma fiye da mu. Littafin lissafin injiniyoyi na K. A. Stroud, wanda ya fara fitowa a 1970, an tsara shi ne musamman don mai karatu shi kaɗai, mataki-mataki, kowane mataki da amsarsa a gaba. Ga bidiyo a waya ba iyaka. Abin da littafi da waya ba sa yi shi ne su ɗauki jan biro su bi aikin yaro layi-layi.

Ga misali a kusa. A ce an ba da y = x² − 6x + 5, aka ce a nemo inda lanƙwasar ta juya, a kuma faɗi ko ƙololuwa ce ko kwari. Yaro mai kaifin kai da ya saba aiki shi kaɗai zai hango amsar tun kafin ya ɗora biro, ya rubuta cewa x daidai take da 3, y kuma −4, kwari ne, ya wuce. Amsarsa daidai ce. Amma mai gyara yana riƙe da takardar rabon maki, kuma a cikinta akwai makin hanya da makin dacewa, na biyun yana rataye ne a wuyan na farko. Yana neman ya ga dy/dx = 2x − 6, ya ga an daidaita shi da sifili, ya ga an mayar da 3 cikin lissafin farko, ya ga an sake bambantawa an samu 2, an ce tunda ya haura sifili to kwari ne. Wanda ya rubuta duk wannan ya yi tuntuɓe a ƙarshe ya sa −3, zai iya tashi da maki fiye da wanda ya ajiye amsa tsirara. Ɗan makaranta ya san haka domin an sha zabtare masa maki a gwajin aji har ya horu. Mai karatun gida ba wanda ya taɓa gaya masa.

Ciwo na biyu shi ne son rai. Wanda ba a tsare shi da jadawali ba, abin da ke masa daɗi yake karantawa. Zai yi wata uku yana ninƙaya a kalkulas da aljabara, bai ko leƙa lissafin ƙarfi da motsi ba, bai taɓa ƙididdiga ba. Ita kuwa jarrabawar WAEC an gina ta ne yadda ba mai zillewa. Takarda ta ɗaya tambayoyi 40 ne na zaɓen amsa, 30 daga tsantsar lissafi, 4 daga ƙididdiga da lissafin yiwuwa, 6 daga bekta da makanikas. A takarda ta biyu akwai tambayoyi 8 na dole, rabinsu daga waɗancan sassa biyun da ake gudu. Sannan a kawo 7 masu tsawo a ce a zaɓi 4, da sharaɗin a ɗauki aƙalla ɗaya daga kowane sashe. Yaron da ya tsallake makanikas ya zubar da maki masu yawa tun yana gida.

Duk wannan gaskiya ne, Malam. Amma dubi girman gyaran da ake buƙata. Ba malamin da zai tsaya a gaban allo sau huɗu a mako har shekara uku ake nema ba. Mutum ake nema da zai karɓi takarda sau ɗaya ko biyu a wata, ya gyara, ya ce ga inda ka yi tsalle, ga babin da kake gudu. Hukumar WAEC da kanta tana wallafa rahoton manyan masu gyara a shafinta na intanet, darasi-darasi, tambaya-tambaya, tana faɗin inda ɗalibai suka fi zamewa, kuma kyauta ne. Manhajar darasin ma a buɗe take. Tsofaffin tambayoyi kuwa suna nan jibge a wurin masu sayar da littattafai a Sabon Gari. Tsakanin cikakken malami da rashin kowa akwai fili mai faɗi, kuma rubutunka ya tsallake shi gaba ɗaya.

Sai maganar JAMB. Haka ne, a cikin darussa huɗun da ɗalibi ke zaunawa, Ingilishi da wasu uku, babu lissafi mai zurfi. Sai dai duk wanda ya buɗe manhajar lissafin JAMB ɗin zai tarar da kalkulas a ciki, da matiris, da lissafin jerantawa da zaɓe, abubuwan da lissafin gama-gari ke ɗan taɓawa a gurguje a zangon ƙarshe, in ma an kai wurin. Wanda ya yi mai zurfin, waɗannan tambayoyi kyauta ne a wurinsa. Kuma shiga jami'a ba ita ce ƙarshen magana ba. A shekarar farko ta injiniyanci, ko kimiyyar kwamfuta, ko fizis, malami zai shigo ɗakin da ya cika maƙil, ya share cikin 'yan makonni abin da ake koyarwa a shekara biyu a makarantun da ke da darasin. Rabin ɗakin bita suke yi, rabin kuma yau suka fara jin sunan abin. Daga nan ake fara tara darussan da aka faɗi, daga nan wasu ke sauya sashe, wasu a sallame su, a koma gida a ce yaron ba shi da ƙwaƙwalwa. Yana da ita. Ba a gabatar da shi ga abin ba ne da wuri.

Mai yiwuwa Malam ya ce to ya karanta mana, wa ya hana shi, amma me ya kawo biyan kuɗin jarrabawa? Abu biyu. Karatun da ba shi da ranar hisabi ba ya ƙarewa. Na ga yara da dama da suka fara da zafi, suka tsaya a babi na biyar, domin ba abin da ke jiransu a gaba. Ranar da aka yi rajista aka manna jadawali a bango, ranar karatun ke zama na gaske, dole a shiga babin da ba a so. Na biyu, yaron talaka ba shi da mai yi masa shaida. Sunan makarantarsu ba ya buɗe masa ƙofa, ba shi da kawu a ofis. In ya je neman tallafin karatu ya ce ya iya kalkulas, magana ce kawai. In ya ajiye takardar da ke ɗauke da B2 ko A1, an daina gardama.

A nan ma akwai iyaka, kuma ina faɗa wa iyaye ita ba ɓoye-ɓoye. In kuɗin gida na abu ɗaya ne, to kiredit biyar da JAMB su ne gaba. Wanda bai haɗa Ingilishi da lissafin gama-gari ba, ya fara da su. Kuma a lura, jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu, amma wasu fannoni kamar likitanci sukan nemi a haɗa kiredit ɗin a zama ɗaya. Yaron da biyar ɗinsa suka cika a takardar makaranta, ƙarin takarda ba ta rage shi da komai.

Hujjar satar amsa kuwa, hujjarka ta biyu ce ta rushe ta. Masu zuwa cibiyoyin da ake kira na mu'ujiza, me suke saye? Ingilishi da lissafin gama-gari, abin da galibin fannonin jami'a ke nema. Wa zai biya kuɗi a sato masa darasin da kai da kanka ka ce ba a nema? Mai rubuta lissafi mai zurfi a jarrabawar 'yan waje, kusan kullum wanda yake son abin ne. Ban da haka, sanannen abu ne cewa yawancin wannan ɓarna a jarrabawar makarantu take faruwa, inda wata makaranta a lungu ke cusa baƙi cikin jerin ɗalibanta, masu sa ido da masu gida su haɗa baki. Mai zaman kansa gari kawai yake zaɓa, hukuma ce ke tura shi cibiya, ya zauna cikin mutanen da bai sani ba. Ba shi kuma da makin gwajin aji da makaranta ke aikawa don ya tallafe shi. Abin da ya rubuta a ɗakin nan shi ne kaɗai abin da zai samu. Ban ce ba a maguɗi a can ba, ana yi. Amma in za a yi zargi, ba takardarsa ce ta fi cancanta da shi ba.

Abin da ya fi damuna a rubutun Malam shi ne bai taɓo ainihin inda yaran nan ke faɗuwa ba. Da yawansu ba lissafin ne ke kayar da su ba, shirin zaman jarrabawar ne. Ɗan makaranta akwai jami'in jarrabawa da ke ɗauke masa wannan kaya, shi dai a kira shi ya dangwala yatsa. Mai zaman kansa shi ne ɗalibi, shi ne jami'in.

Tun 2018 WAEC ke shirya wa masu zaman kansu jarrabawa sau biyu a shekara, zagaye na farko a farkon shekara, na biyu kuma can wajen ƙarshenta, wanda aka fi sani da GCE. NECO, mai hedikwata a Minna, tana da tata ta 'yan waje a ƙarshen shekara. Zagayen farko na WAEC bai ɗauke dukkan darussa ba kuma a birane ake yin sa, don haka sai an duba jerin darussa da garuruwa na wannan shekarar kafin a cire ko kwabo. Daga 2024 kuma aka mayar da shi kan kwamfuta: tambayoyin zaɓen amsa a kan na'ura ake amsa su, na dogon aiki kuma su bayyana a allon na'urar a rubuta amsar a takarda. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana buƙatar wanda zai zaunar da shi a gabanta tun kafin ranar, in ba haka ba minti goma na farko a neman inda ake dannawa za su tafi.

Sai kafe, inda ake yin rajistar. Duk wanda ya taɓa raka yaro ya san wurin: shago ɗaya, janareta na ruri a ƙofa, mutum ashirin a kan benci, saurayi ɗaya a gaban na'ura yana sauri domin kuɗinsa a yawan kawuna yake. Zai karɓi lambar NIN, ya ɗauki hoto, ya dangwala yatsu, ya tambayi darussa ba tare da ya ɗago kai ba. Yaro ya ce lissafi, shi kuma ya danna na gama-gari, domin shi kowa ke cewa. Akwai wata ɗaliba da nake duba wa takardu, wadda ta shafe shekara tana shiri, sai da aka buga katin shiga jarrabawa aka ga darasin da ta zo dominsa ba ya ciki. Allah ya sa an gani da sauran lokaci, aka gyara da ƙarin kuɗi da zirga-zirga. A wannan benci ne kuma Muhammad ke komawa Mohammed, sunan uba ya hau gaban na yaro, ranar haihuwa ta saɓa da ta NIN, kuskuren da zai biyo mutum har ranar tantancewa a jami'a. Maganinsa ba wuya: babba ya raka yaro, a sa mai kafe ya juyo da allon, a karanta kowane layi da ƙarfi kafin a aika, a kuma karɓi takarda bugagga a tafi da ita gida. Bayan nan a duba jadawali kada ranar WAEC ta yi karo da ta NECO ga mai yin duka biyun, a tabbatar da irin kalkuletar da aka yarda a shiga da ita, a je a ga cibiyar da ido kafin ranar. Ga 'ya mace, wannan na ƙarshen shi ne komai. Iyaye da yawa da suka yarda da karatun sukan janye in suka ji cibiyar tana wani gari kuma ba a san inda za ta kwana ba. In an zaɓi garin da take da 'yan uwa tun a kafe, an kashe wannan magana.

Ga wanda ya wuce wannan mataki yana hangen A-Level na Kembirij, hanyar tana nan ta British Council, kuma ana zama sau biyu a shekara, Mayu zuwa Yuni da Oktoba zuwa Nuwamba. Lissafi ya fi kowane darasin kimiyya dacewa da mai zaman kansa, domin ba ɗakin gwaje-gwaje, ba aikin da malami zai sa wa hannu, takarda ce da biro. Amma a nan shirin ya fi tsauri. Lissafin mai lamba 9709 takardu shida gare shi, ba duka ake zama ba, kuma cikakken A-Level sai an haɗa ta ɗaya da ta uku, sannan ko ta huɗu da ta biyar, ko ta biyar da ta shida. Mai zurfin, 9231, takardu huɗu ne. Wanda ya cike haɗin da ba shi ba, zai iya fitowa da rabin shaida alhali ya biya kuɗi mai yawa. Ana rufe rajista watanni kafin jarrabawa, mai makara ya biya tara. Kuɗin kuma yana bin fam ɗin Ingila, kowa kuwa ya san abin da ya sami naira tun tsakiyar 2023. Mai son shiga aji biyu na jami'a kai tsaye da wannan takarda ya sani darasi ɗaya bai isa ba, kuma ya tambayi jami'ar a rubuce ko tana ƙirga lissafi da lissafi mai zurfi a matsayin darussa biyu. Ni ba na tura ɗan talaka wannan hanya sai in akwai mai ɗaukar nauyi ko kuma karatun waje ake hari. Ta WAEC da NECO ta ishe shi.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke da wannan matsala. A Nijar mai zaman kansa yana zama jarrabawar bakaloriya, har a sashen C na lissafi. A Ingila kuwa, ta wani ɓangaren ma ya fi namu wahala, domin hukumomin jarrabawa irin su AQA da OCR da Edexcel ba sa karɓar rajista daga hannun mutum kai tsaye. Sai ya bi makarantu yana roƙo har ya sami wadda za ta yarda ta shigar da sunansa ta ba shi kujera, kuma a gama kafin 21 ga Fabrairu. A 2020, da annobar korona ta sa aka soke jarrabawa aka ce malamai su ba da maki, da yawa daga masu zaman kansu suka tashi a tutar babu, domin ba malamin da ya san aikinsu. Wannan darasi ne a gare mu: ko mai karatun gida yana buƙatar wani babba da ya san shi, yake kuma ajiye takardunsa.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin Ingila shi ne yadda suka yi da ƙarancin malamai. A farkon shekarun 2000 masu zama lissafi mai zurfi a matakin A-Level sun ragu zuwa wajen 5,000 a shekara, saboda makarantun gwamnati da yawa ba sa iya buɗe aji don yara uku ko huɗu. Ba su ce yaran su jira ba. A 2005 suka shimfiɗa wani tsari a faɗin ƙasar, inda malami ɗaya ke tattara yara daga makarantu daban-daban, wani lokaci a jami'a, daga baya ta intanet, yaron ya ci gaba da zama a makarantarsa ya kuma rubuta jarrabawar a can. Cikin shekara goma sha wani abu adadin ya haura 15,000. Kuɗin gwamnati ya shiga, ba shakka. Amma ƙashin bayan tsarin ba ya buƙatar kasafi: yara kaɗan daga wurare da yawa, malami ɗaya, haɗuwa jefi-jefi, sauran aikin yaro ya yi da kansa.

Mu ma muna da kayan aikin. Kowace ƙaramar hukuma tana da tsofaffin malaman lissafi da suka yi ritaya, da masu yi wa ƙasa hidima da suka karanta injiniyanci, da ɗaliban jami'a da ke dawowa hutu. Ajujuwan firamare a rufe suke ranar Asabar. Abin da nake roƙo shi ne Asabar ɗaya a wata: a zaunar da yaran, a raba tsohuwar takardar jarrabawa, a sa agogo, ba waya ba littafi, a karɓa a gyara da takardar rabon maki, a ajiye kowane yaro da fayil ɗinsa. A manna ranakun buɗewa da rufe rajista a ƙofar ajin. In lokaci ya yi, mutum ɗaya ya kwashe su zuwa kafe ya tsaya a kansu. Wanda aka ga bai nuna ba a gaya masa gaskiya ya bari sai zagaye na gaba, kuɗin ubansa ya huta. Wannan ma ya biya maka buƙatarka ta kada a yi asara.

A unguwarmu mun samu aji, shugaban makarantar ya ba da makulli. Ni zan riƙe tsantsar lissafi, wani matashi da ya gama jami'a ya karɓi ƙididdiga. Makanikas ne ba mu da mai shi, kuma waɗanda suka zauna a ajinka sun shaida mana cewa a nan hannunka ya fi kaifi. In Malam ya amince, Asabar ta farkon wata, ƙarfe tara na safe, za a turo yaro da babur ya ɗauko ka.